Akwatin Ward da Asalin Lambun Cikin Gilashi

Terariyum suna ne da ake bai wa akwatin gilashi wanda aka zuba wa ƙasa aka dasa tsirrai a ciki, aka kuma rufe shi yadda danshi ba zai fita da yawa ba, domin tsirran da suka saba da laimar kurmi su rayu a ɗakin da iskarsa ta bushe ko ta yi musu sanyi. Ko da yake a yau ana ɗaukarsa kayan ado, asalinsa yana komawa ga ƙazantar iskar birnin Landan a farkon ƙarni na 19, lokacin da hayaƙin kwal na gidaje da masana'antu yake kashe duk wani tsiro mai laushi da aka shuka a fili. Nathaniel Bagshaw Ward, wani likita da aka haifa a 1791 wanda yake zaune a gabashin birnin, ya daɗe yana ƙoƙarin raya tsiron da Turawa ke kira fan, wato wani tsiro mai ganye tsaga-tsaga da ba ya fure kuma ba ya 'ya'ya, amma hayaƙi yana hana shi. A 1829 ya binne tsutsar wani ƙwaro dangin malam-buɗe-littafi a cikin danshin ƙasa a kwalba ya rufe, da nufin ganin yadda za ta rikiɗe, sai ga fan da ciyawa sun tsiro daga ƙasar, suka kuma yi shekaru suna raye ba tare da an ƙara musu ruwa ba.

Abin da Ward ya lura da shi shi ne ginshiƙin sana'ar har yanzu. Da rana zafi yana ɗaga ruwa daga ƙasa da ganyaye ya zama tururi, idan tururin ya taɓa gilashi mai sanyi sai ya taru ya gangara ya koma ƙasa, kamar yadda ruwa yake taruwa a murfin tukunya ya ɗiga cikin miya, don haka ruwa ɗaya ne yake ta kewayawa. Gilashin yana barin haske ya shiga, wanda da shi ne ganye yake haɗa abincinsa, yana kuma tare hayaƙi da busasshiyar iska. Wani masanin shari'a ɗan Sikotilan mai suna Maconochie ya riga shi gina irin wannan akwati da 'yan shekaru, amma bai buga komai a kai ba, shi ya sa sunan Ward ne ya bi akwatin, musamman bayan littafin da ya wallafa a 1842.

Muhimmancin abin bai bayyana sosai ba sai da aka ɗora shi a jirgin ruwa. Kafin wannan lokaci jigilar ɗanyen tsiro daga wata nahiya zuwa wata asara ce kusan tabbatacciya, domin idan an ajiye shi a saman jirgi feshin ruwan gishiri ya ƙone shi, idan an sauke shi ciki duhu ya kashe shi, ga ɓeraye, ga kuma ƙarancin ruwan sha wanda matuƙa ba sa yarda a raba shi da shuka. A 1833 Ward, tare da taimakon George Loddiges mai babban gandun sayar da tsirrai a Hackney, ya aika da akwatuna biyu zuwa Sidni ta Ostireliya, tsirran suka isa lafiya bayan watanni a teku, aka sake cika akwatunan da tsirran can aka mayar da su a 1834, suka ratsa sanyin ƙanƙara a kudancin Amurka ta Kudu da zafin tsakiyar duniya, suka iso Landan da ransu. Akwatin tafiya ba shi da wani ƙawa: gindinsa katako ne mai ƙarfi, rufinsa gilashi ne mai gangara biyu, an toshe haɗe-haɗensa, an kuma gicciya sanduna a kan gilashin don kada ya fashe.

Daga nan akwatin ya zama kayan aikin daula, kuma wannan ne ɓangaren tarihinsa da ya fi nauyi, wanda masu sha'awar ado ba su cika tunawa da shi ba. Daga 1848 Robert Fortune ya shiga yankunan shayi na ƙasar Sin a ɓoye da yawun Kamfanin Gabashin Indiya, ya fitar da tsirran shayi kimanin 20,000 zuwa gindin duwatsun Himalaya, dabararsa kuwa ita ce shuka irin a ƙasar cikin akwati domin ya tsiro a hanya, tun da irin shayi yana saurin mutuwa idan an adana shi a bushe. Gaskiya ne cewa yawancin shayin Indiya daga baya ya dogara ne da nau'in Assam na gida, amma ilimin sarrafa ganyen da ƙwararrun ma'aikatan da Fortune ya kwaso sun taimaka wajen karya ikon da Sin take da shi a kasuwar. A 1876 Henry Wickham ya kai irin itacen roba kimanin 70,000 daga Birazil zuwa lambun Kew da ke Landan, kaɗan daga ciki suka tsiro, aka aika da kusan 2,000 zuwa Silan a cikin akwatunan Ward, wasu kuma suka wuce Singafo. Kafin Yaƙin Duniya na Ɗaya gonakin Asiya sun riga sun wuce kurmin Amazon a yawan roba, arzikin garuruwa irin su Manaus ya durƙushe.

Labarin sinkona, itacen duwatsun Andis da ake samun maganin kinin daga ɓawonsa, shi ne ya fi kusa da yammacin Afirka. A 1854 likita William Balfour Baikie ya jagoranci jirgin Pleiad ya hau Kwara da Binuwai yana bai wa mutanensa kinin a kai a kai, ya dawo babu Bature ko ɗaya da zazzaɓin cizon sauro ya kashe, alhali wata tafiya irinta da aka yi a Kwara a 1841 ta yi asarar rayuka da dama. Wannan ya tabbatar wa gwamnatocin Turai cewa wanda ya mallaki kinin ya mallaki hanyar shiga ƙasashe masu zafi, a wannan zamani kuma Holan da Ingila suka yi ta rige-rigen kwashe tsiron a akwatuna zuwa Jawa da duwatsun Nilgiri na kudancin Indiya. Nau'in da ya fi kowanne ƙarfin magani kuwa wani ɗan asalin Bolibiya ne mai suna Manuel Incra Mamani ya gano shi ya tara irinsa ga ɗan kasuwa Charles Ledger, kuma wannan iri ne ya sa Jawa ta mamaye kasuwar kinin ta duniya. Mamani, wanda ya san itatuwan fiye da duk waɗanda suka ci ribarsu, an kama shi an yi masa dūka saboda wannan aiki, ya rasu a 1871, kuma ya cancanci a ambaci sunansa a duk inda aka ambaci na Ward. A ƙarshen ƙarnin an kafa lambunan gwaji a Legas a 1887, da Aburi ta Gwalkwas, wato Gana ta yau, a 1890, da Biktoriya ta Kamaru, wato Limbe ta yau, a 1892, waɗanda suke karɓar tsirrai daga Kew ko Balin suna kuma aikawa. Duk da haka kokon da ya kafu a hannun manoman Gana an fi danganta shi da maƙeri Tetteh Quarshie, wanda ya ɗauko 'ya'yansa da kansa daga tsibirin Fernando Po.

A cikin gidajen Ingila akwatin ya bi wata hanya dabam. Soke harajin gilashi a 1845 ya sa farashinsa ya faɗi, masu matsakaicin hali suka fara ajiye akwatuna masu ado a falo, son fan ya zama ruwan dare har aka ƙwaƙule wasu nau'o'insa daga duwatsu da kwazazzabai don sayarwa, abin da ya rage su ƙwarai a wasu wurare. Shi kuwa akwatin tafiya, illarsa ce ta kawo ƙarshensa, domin danshin da yake raya tsiro yana raya ƙwari da tsutsotsi da cututtukan da ke cikin ƙasar. Bayan dokar killace tsirrai ta Amurka ta 1912 jami'ai suka koma ƙona akwatunan da ƙasarsu, sannan jirgin sama da leda suka maye gurbinsa, aka yi masa amfani na ƙarshe a Kew a 1962.

Babban terariyum na zamani, wanda ake gina shi don ya yi kama da wani yanki na kurmi, ya gaji ka'idar Ward amma ya gyara rauninta, tun da an fahimci cewa akwati babba da aka rufe ruf yana jawo ruɓewar saiwa da fumfuna. Saboda haka ana shimfiɗa tsakuwa ko ƙwallayen gasasshen yumɓu a ƙasa don rarar ruwa ta taru nesa da saiwa, a ɗora raga, sannan a zuba haɗin ɓawon itace da gawayi da zaren kwakwa wanda ba ya danƙarewa, a rufe da busassun ganyaye. Tsirran da a kurmi suke rayuwa a jikin bishiya ba tare da sun taɓa ƙasa ba ana ɗaure su a kan kututture da bango, fitilun lantarki suna tsaya wa rana, ƙaramar fanka tana motsa iska, ana kuma sakin wasu ƙananan halittu masu cin ruɓaɓɓen ganye da fumfuna don su riƙa share wurin. Ruwan da ake fesawa na sama ne ko tatacce, domin ruwan rijiya mai gishiri-gishiri yana barin fari a gilashi yana kuma taruwa a ƙasa har ya ƙone saiwa. Game da inda tsirran suke fitowa kuwa, yarjejeniyar CITES da ta fara aiki a 1975 ta sa ciniki da nau'o'i da yawa tsakanin ƙasashe sai da takardar izini, kuma yawancin abin da ake sayarwa a yau ana haifar da shi ne a gandu ko a ɗakin gwaji daga ɗan guntun tsiro, ko da yake satar nau'o'in da ba su da yawa daga kurmin Borniyo da Ekwado ba ta daina ba.