Tsirya da Aku: Wane Ne Namu?

Duk ɗalibin Hausa ya san aku, domin shi Alhaji Abubakar Imam ya ɗora a kan kujerar ba da labari cikin Magana Jari Ce, wadda ya rubuta a Zariya a 1936. Amma aku, wato mai launin toka da jan wutsiya, baƙo ne a ƙasar Hausa. Tsuntsun kurmi ne, daga kudu ake kawo shi kasuwanninmu. Ita kanta dabarar sa tsuntsu ya riƙa ba da labari don ya tsare wani daga fita, tsohuwa ce a Indiya da Farisa, har wani malami mai suna Nakhshabi ya rubuta irinta da Farisanci wajen 1330.

Namu na gida shi ne tsirya, koriyar tsuntsuwar nan mai dogon bindi da jan baki, wadda namijinta ke da zobe a wuya. Asalin mazauninta ya taso tun daga Senegal, ya ratsa ƙasar Hausa har Habasha, sa'an nan akwai danginta a Indiya. To, waɗancan na Indiya su ne suka fara shiga tarihi. Bayan yaƙin Iskandari a can, cikin shekara ta 326 kafin haihuwar Annabi Isa, Girkawa suka san su, daga baya attajiran Rum suka riƙa ajiye su cikin keji. Marubucinsu Pliny ya siffanta su, kore da jan zobe a wuya, ya ce har gaida sarki sukan koya. Yanzu jikokin waɗanda suka kuɓuce daga keji sun cika lambunan Landan.

A wajen manomin Danja kuwa, ko na Funtuwa da Malumfashi, tsirya ba abar ado ba ce. Ɓarauniyar dawa ce da masara, idan mangwaro ya nuna kuma ta koma can. Yara su ne masu kiwonta. Sukan hau bishiya su ciro 'ya'yanta daga kogo tun ba su yi fiffike ba, su saƙa musu keji na kara, su riƙa ba su gero da gyaɗa. A nan ne ake cutarta, a ganina. Tsuntsuwar da ta saba tashi cikin garke da sauri kamar kibiya, wadda za ta iya shekara 20 a hannun mutum, sai a kulle ta ita kaɗai inda ko bindinta bai samu wurin juyawa ba. Ba a daɗewa sai ta fara fige gashinta.

Aku dai ya samu masu tsaya masa. A 2016, a taron da aka yi a Johannesburg, ƙasashen duniya suka hana cinikin wanda aka kamo daga daji tsakanin ƙasa da ƙasa. Tsirya tana da yawa tukuna, amma galibi a kogon tsohuwar bishiya take yin sheƙa, kuma irin waɗannan bishiyoyi su masu itace da gawayi ke fara sarewa.