Layi Ɗaya a Cikin daemon.json

Lokacin da Solomon Hykes ya fara nuna Docker a taron PyCon na Santa Clara, a watan Maris na 2013, hankalin kowa yana kan yadda kwantena ke tashi cikin ƙiftawar ido. Inda hotonta zai zauna kuwa, ba a ɗauke shi abin tattaunawa ba. Hoto a sana'armu shi ne ƙunshin manhaja da duk abin da take buƙata don ta yi aiki, rumbu kuma shi ne sabar da ake ajiye hoton. Docker ya zo da nasa rumbun, wanda ya zama Docker Hub a 2014, ya kuma dasa adireshinsa cikin manhajar kanta. Ka rubuta nginx kawai, ita ta cike sauran, ta nufi docker.io/library/nginx. Wannan sauƙin ya jawo mu, shi ne kuma ya ɗaure mu.

Duk kamfanin da ya kafa rumbunsa na cikin gida sai ya san hanyar /etc/docker/daemon.json. Idan rumbun ba shi da takardar shaidar tsaro, sai a sa sunansa ƙarƙashin insecure-registries, da niyyar za a gyara gobe. Goben nan na wasu har yau ba ta waye ba. Idan yana da takarda amma ta gida ce, sai a kwafe ta cikin certs.d. Bayan gyara daemon.json kuwa sai a sake kunna Docker, abin da a wancan zamani ke nufin duk kwantenar da ke kan na'urar za ta faɗi tare da shi.

A kan sabar guda wannan ba wahala ba ce. Da Kubernetes 1.0 ya fito a Yulin 2015, na'urori suka zama gungu, aka gane cewa shi Kubernetes ɗin ba ruwansa da wannan saiti. Yana umartar na'ura ta sauko da hoto, yadda za ta yi kuma matsalarta ce. Sai ka ga manhaja tana aiki lafiya lau a kan na'ura tara, a ta goman kuwa ImagePullBackOff. Ka leƙa ciki, ka tarar da "x509: certificate signed by unknown authority". Wani ne ya ƙara sabuwar na'ura da daddare bai gudanar da Ansible, mai yi mata saitin, a kanta ba. Babu wanda ya yi wannan aiki a shekarun nan da bai haddace wannan saƙo ba.

A ƙarshen 2016 aka fito da CRI, ƙa'idar da ta ba kowane injin kwantena damar magana da Kubernetes. Daga nan muka sami yare biyu: mutanen containerd suna rubuta config.toml, mutanen CRI-O na Red Hat suna rubuta registries.conf.

Amma abin da ya sauya tunaninmu da gaske ba fasaha ba ce, kuɗi ne. A Nuwamban 2020 Docker Hub ya sa iyaka: saukewa 100 cikin awa shida ga wanda bai shiga da suna ba, 200 ga mai asusun kyauta. Ana ƙirga na farkon ne bisa adireshin IP, alhali gungu gaba ɗaya yakan fita intanet ta adireshi guda, wani lokaci ma tare da dukan ma'aikatan ofis. Ga kuma masu amfani da laƙabin latest, wanda ke sa a tuntuɓi rumbu duk sanda kwantena za ta tashi. Kafin azahar kaso ya ƙare, sai toomanyrequests. Daga wannan wata, rumbun madadi da ke riƙe kwafi kusa da gida ya tashi daga kayan ƙawa ya koma wajibi, Harbor da ire-irensa suka yi kasuwa. Wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, mu kuwa shekara da shekaru muna cin kyauta.

Gyara biyu aka samu, kuma a ganina kowanne ya warware rabin matsalar ne. A 2021 containerd 1.5 ya kawo hosts.toml: kowane rumbu da jakarsa, a ciki ka jera madadansa da takardunsa, kuma canjin yana aiki ba tare da an sake kunna komai ba. Tsaf yake, sai dai har yanzu fayil ne da ke zaune a kan kowace na'ura. OpenShift 4 ya bi wata hanya. Ka rubuta saitin sau ɗaya a matsayin abu na gungu, Machine Config Operator ya bi na'urori ɗaya bayan ɗaya yana rubuta musu registries.conf. A nan babu na'urar da za a manta, amma a sigogin farko ƙaramin canji kan sa a kwashe aikin kowace na'ura a sake kunna ta. Abin da na fi yaba musu shi ne taurin kan da suka yi tun farko, cewa madadi zai ba da hoto ne ta lambar sha256 kaɗai. Laƙabi ana iya ɗaga shi a manna wa wani hoto daban, lambar kuwa daga abin da ke ciki ake lissafa ta. Sai a siga 4.13 suka buɗe ƙofar laƙabi ga mai so.

A Mayun 2022 Kubernetes 1.24 ya cire dockershim, gadar da ke haɗa shi da Docker, waɗanda suka koma containerd suka tarar babu mai karanta tsohon daemon.json ɗinsu. Shekara na zagayowa, shi kansa aikin Kubernetes ya ɗanɗana abin da Docker ya ɗanɗana. Kuɗin raba hotuna yana cinye kaso mai tsoka na tallafin Google, don haka aka daskarar da k8s.gcr.io a Afrilun 2023, aka koma registry.k8s.io, wanda ke tura ka wurin Google ko Amazon gwargwadon inda kake. Bankuna da ma'aikatun da bangon tsaronsu ya san tsohon adireshi kaɗai suka nemi a ba su jerin sababbin wurare su buɗe. Masu kula da aikin suka ce jerin zai iya canzawa kowane lokaci, wanda ke son tabbas ya kafa nasa rumbun madadi.