Ciwon Suga da Nauyin Zuci: Nazari a Kan Abin da Ke Sa Majinyaci Ya Ɗore ko Ya Sare

Gabatarwa

A shekarar 2021 ƙungiyar IDF, mai fafutukar yaƙi da ciwon suga a duniya, ta ƙiyasta cewa manya miliyan 537 ne ke ɗauke da wannan ciwo, kuma fiye da kashi 90 cikin ɗari nau'i na biyu ne, wato wanda jiki ke daina amsa sinadarin insulin yadda ya kamata, sannan abin da yake samarwa ya riƙa raguwa. Galibin bayanan da ake yi wa masu ciwon a kan abinci da magani suke tsayawa. Wannan nazari ya karkata ne ga zuciyar majinyacin, domin abin da ake kira sakaci ko taurin kai sau da yawa gajiya ce da ba a ba ta suna ba.

Jinyar da ba ta da ranar sallama

A tunanin Bahaushe, magani abu ne da ake sha a warke. Zazzaɓin cizon sauro kwana uku ake shan maganinsa a miƙe. To sai ga ciwon da likita zai ce ƙwayar metformin ta zama abokiyar zama, safe da yamma, babu ranar ajiyewa. Da yawa sukan ɗauka cewa maganin da ba ya ƙarewa bai yi aiki ba ke nan. Ta wannan ƙofa mai maganin gargajiya da ke shela da lasifika a bakin kasuwa yake shigowa, da alkawarin kawar da suga gaba ɗaya cikin 'yan makonni. Fata yake sayarwa, kuma wanda ya gaji da jinya yana da saurin saye.

Ga kuma yawan aikin. Majinyaci yakan ga likita na 'yan mintoci bayan wata ɗaya ko uku, sauran kwanakin kuwa shi ne likitan kansa: me zai ci, nawa zai ci, ya sha magani ko ya manta, da me zai sayi na wata mai zuwa.

Ƙuncin jinya da ciwon damuwa

A 1995 William Polonsky da abokan aikinsa a cibiyar Joslin da ke Boston a Amurka suka fitar da ma'auni mai tambayoyi 20 don gane irin ƙuncin da wannan ciwo ke jawowa. A 2005 suka fitar da wani mai tambayoyi 17, wanda ya kasa ƙuncin gida huɗu: nauyin zuci, gajiya da dokokin jinya, rashin gamsuwa da likita, da rashin samun fahimta daga iyali da abokai. Wani nazari na 2017 da ya tattara bincike da dama ya nuna cewa kusan kashi 36 cikin ɗari na masu nau'i na biyu suna fama da wannan ƙunci.

Wajibi ne a bambance shi da ciwon damuwa. Mai ƙuncin jinya yana iya raha a wurin ɗaurin aure, amma da an ambaci gwajin jini sai gabansa ya faɗi. Mai ciwon damuwa kuwa komai ya fita daga ransa, barci da cin abinci sun rikice, har tsawon mako biyu ko fiye. Binciken da Anderson da abokansa suka wallafa a 2001 ya nuna cewa mai ciwon suga ya ninka wanda ba shi da shi wajen yiwuwar kamuwa da ciwon damuwa. Wannan yana buƙatar ganin likita, ba a barinsa ga "yi haƙuri" kaɗai.

Ƙunci kuma yana taɓa jini kai tsaye. Idan hankali ya tashi, jiki yakan saki sinadaran kotisol da adiranalin, su kuma su sa hanta ta zubo suga cikin jini. Mutum ya gwada ya ga adadi ya hau, ransa ya ƙara ɓaci, gobe ya ƙi gwadawa. Haka abin zai yi ta zagayawa.

Yadda abin yake a gidan Bahaushe

Kashi na huɗu, wato na iyali, shi ya fi nauyi a wurinmu, saboda cin abinci zumunci ne. Magidancin da ya saba sa hannu a kwano ɗaya da 'yan'uwansa, yau an ware masa nasa: wake da safe, tuwon alkama ko acca da dare, kullum. Ya je suna an miƙo masa lemo da waina, kara ta hana shi cewa a'a, kunya ta hana shi faɗin dalili. Uwargida mai ciwon ita ke tuƙa tuwon gida, kuma ba kowane aljihu ne zai ɗauki tukunya biyu ba. Akwai kuma abin da maza ba sa faɗa: ciwon kan raunana su ta fuskar iyali, su yi gum, su koma ga magungunan kan titi.

Azumi ma wani babi ne. Binciken EPIDIAR da aka gudanar a ƙasashe 13 aka wallafa a 2004 ya gano cewa kusan kashi 79 cikin ɗari na masu nau'i na biyu sun yi azumin aƙalla kwana 15. Wanda likita ya hana yakan ji kamar an cire shi daga sahu. Irin wannan yana buƙatar jin ta bakin malami da likita tare, cewa shari'a ta yi wa marar lafiya rangwame, kuma ƙa'idar likitoci ita ce a karya azumi idan suga ya sauka ƙasa da 70 ko ya haura 300.

Daga ina ƙwarin gwiwa yake fitowa?

Hanyar da aka fi bi ita ce tsoratarwa: za a yanke maka ƙafa, ƙoda za ta mutu, za a mayar da kai kan allura. Tsoro yakan motsa mutum na ɗan lokaci, daga nan sai ya koma gudun asibitin. Mayar da allurar insulin abin barazana kuwa kuskure ne babba. Binciken UKPDS na Birtaniya, wanda ya bi majinyata fiye da 5,000 tsakanin 1977 da 1997, ya tabbatar da cewa ciwon yakan ƙaru da shekaru ko da ana kiyayewa, don haka ƙarin magani ba shaidar gazawa ba ne.

Masana halayyar ɗan Adam, Edward Deci da Richard Ryan, sun nuna cewa himmar da ke ɗorewa tana tsayawa a kan abu uku: mutum ya ji zaɓinsa ne, ya ji zai iya, ya ji ba shi kaɗai ba ne. Zaɓi yana nufin dalilin kansa. "Likita ya ce" ba ya kai mutum nesa, amma burin ya aurar da 'yarsa da ƙafarsa, ko ya riƙa karanta Alƙur'ani da idonsa, yana iya tashinsa tafiyar asuba. Iyawa kuwa da ƙaramin mataki ake gina ta: rage malmalar tuwo a ƙara ganye, barin suga a shayi, tafiyar minti 30 kwana biyar a mako, wadda ta cika minti 150 da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara. Sannu ba ta hana zuwa.

Kuma ƙaramin ci gaba yana da lada. UKPDS ya nuna cewa duk saukar maki 1 a gwajin HbA1c, mai auna matsakaicin suga na kimanin wata uku, tana tafiya da raguwar kashi 37 cikin ɗari na illolin ƙananan jijiyoyin jini, irin masu taɓa ido da ƙoda. A gwajin DiRECT na 2017, kashi 46 cikin ɗari na waɗanda suka bi tsarin rage ƙiba ƙarƙashin kulawar ma'aikatan lafiya sun samu ciwon ya lafa bayan shekara ɗaya ba tare da maganin suga ba. Lafawa ce, tana iya dawowa, kuma waɗanda aka gwada ba su wuce shekara shida da gano ciwon ba.

Tawakkali ma jari ne idan an fahimce shi daidai. Yarda da ƙaddara tana sauke wa mutum nauyin zargin kai, amma ba ta sauke masa shan magani, don Hausawa na cewa Allah ya ce tashi in taimake ka.

Kammalawa

Kula da ciwon suga aikin gida ne gaba ɗaya. Iyali su gyara tukunyar kowa maimakon ware mutum ɗaya, su daina gadin kwanonsa da "an hana ka". Ma'aikacin lafiya kuwa, kafin ya yi faɗa a kan sakamakon gwaji, ya fara tambaya: "Baba, me ya fi ba ka wahala a jinyar nan?" Shi kuma mai ciwon, idan ya yi sati bai kiyaye ba, kada kunya ta hana shi komawa asibiti ranar da aka ba shi.