Gardamar Wuƙa: Tarihin Ƙarafan da Muka Yi Yanka da Su

Duk wanda ya taɓa zama a rumfar mahauta a nan Potiskum ana saura kwana biyu ko uku Babbar Sallah, ya san gardamar nan da ba ta ƙarewa. Wannan ya zaro wuƙarsa daga kube ya ce ta sifirin mota ce, ba ta da na biyu. Wancan ya ce, “Haba Malam, ai in ana zancen kaifi sai ta magagari.” Can sai wani dattijo ya yi gyaran murya ya ce duk yara ne, tunda ba wanda ya taɓa riƙe wuƙar tama a cikinsu. Nan da nan sai a shiga gwaji. A aske gashin hannu, a ƙwanƙwasa ruwan wuƙa a saurari amonta, a ɗan lanƙwasa ta a ga ko za ta koma daidai, a goga mata magagari a ga zai ci ko zai zame.

Mai wucewa zai ɗauka hira ce kawai ta kashe lokaci. Mu kuwa da muka zauna muka bi diddigi, sai muka tarar kowane ƙarfe da ake ambata a gardamar nan yana da hanyar da ya biyo ya iso hannunmu, kuma galibi hanyar da ta kawo ƙarfen ita ce ta kawo iyayenmu da kakanninmu wannan gari.

ZAMANIN TAMA

Ƙira tsohuwar sana'a ce a ƙasar nan. Masu binciken kufai sun tono matoyar tama a Taruga, kusa da Abuja ta yanzu, wadda ta haura shekara 2,000. A Kano kuwa an sami alamun narka ƙarfe a Dala tun wajen ƙarni na 7, kuma tarihin baka ya ce Abagayawa, watau maƙeran da suka taso daga Gaya suna neman tama, suna cikin mutanen farko da suka zauna gindin dutsen. Haka nan da iyayenmu suka zo nan, ba su tarar da ƙasa ba maƙera ba. Ngizim da Karekare da Bolewa suna da nasu, su ke ƙera musu fartanya da mashi da kibiya. Wannan gaskiya ce da ya kamata mu riƙa faɗa wa 'ya'yanmu, don kada wani ya tashi da tunanin mu muka kawo wuta da zugazugi.

Yadda ake yi a da, a haƙo tama, a jera ta da gawayi cikin matoya ta yumɓu, a hura wuta ta daɗe tana ci. Gawayin ƙirya aka fi so, don yana da nauyi, yana daɗewa bai cinye ba. Abin da ke fitowa curi ne mai haɗe da kashin ƙarfe, sai an yi ta duka a kan uwar maƙera kafin ya tsarkaka. Sirrin kuwa shi ne, curin nan ba ɗaya yake ba daga gefe zuwa gefe. Inda ya sha gawayi sosai yakan yi tauri, inda bai sha ba yakan yi laushi. Gwanin maƙeri da ido da amon guduma yake rarrabewa, ya ware mai taurin don aska da wuƙa, mai laushin ya tafi ga fartanya. Shi ya sa dattijon da ke yabon wuƙar tama bai yi ƙarya ba, sai dai wadda ta kai shekaru har ya gan ta, zaɓaɓɓiya ce. Marasa kyan tuni suka karye aka sake narka su.

RAƘUMI DA JIRGIN ƘASA

Tun kafin zuwan Turawan mulki, ƙarfen waje yana shigowa ta hamada. Bature ɗan ƙasar Jamus, Heinrich Barth, wanda ya yi tafiya da sunan Abdulkarim, ya shiga Kano a watan Fabrairu 1851. Ya ƙiyasta cewa ruwan takobi wajen 50,000 ake kawowa kasuwar Kano kowace shekara, kusan dukkansu ƙirar garin Solingen na Jamus, a Kano ake sa musu ƙota da kube, sa'an nan a bazu da su ƙasashe. Ya kuma ga askar Styria ta ƙasar Ostiriya, wadda ya ce ba wata ta kirki ba ce, amma mutanenmu sun iya wasa ta har ta yi kyau, suna kuma ƙarfafa ƙotar da jan ƙarfe. Daga Kano ya bi ta Gumel da Machina ya nufi Kukawa, watau ya ratsa arewacin ƙasar da ta zama Jihar Yobe ranar 27 ga Agusta 1991.

Akwai abin lura a nan. Ruwan takobin Turai yakan zo da tambari, kamar hoton jinjirin wata mai fuska. Da mutane suka saba da cewa mai tambari ya fi, sai maƙeran gida su ma suka shiga buga irinsa a kan nasu. To, ka ji inda gwaji ya zama dole. Tunda tambari yana iya yin ƙarya, sai mai saye ya koma ga lanƙwasawa da sauraron amo, irin dai wanda muke yi a rumfa har yau.

Abin da ya kashe matoya kuwa shi ne arahar ƙarfe. A 1856 wani Baturen Ingila, Henry Bessemer, ya fito da dabarar sarrafa ƙarfe mai yawa cikin ɗan lokaci, farashi ya faɗi a duniya. Layin dogo ya iso Kano a 1911, ya kai Nguru a 1930, wani reshen kuma ya bi ta Bauchi da Gombe ya isa Maiduguri a 1964. Jirgi bai biyo ta Potiskum ba, amma kayansa sun iso: sandunan ƙarfe daga kantunan Turawa, da adda, da guntayen dogo da suka tsufa. Wa zai kwana yana gadin matoya alhali ga ƙarfe tatacce a kasuwa? Kafin a sami 'yancin kai a 1960, narka tama ya ja baya ƙwarai a galibin ƙasar Hausa. Maƙeri ya ci gaba da ƙira, amma ilmin fitar da ƙarfe daga dutse ya bi dattawa kabari.

ZAMANIN MOTA

Garin nan ya bunƙasa ne bayan da Sarkin Fika ya dawo da fadarsa nan a 1924, aka mai da shi cibiyar mulki. Ga shi kuma a mahaɗar hanyoyi: ta Kano ta Azare, ta Jos da Bauchi ta Darazo, ta Gombe, ta Gashuwa, da ta Damaturu zuwa Maiduguri. Kasuwar shanu ta haɓaka har ta shiga sahun manyan kasuwannin dabbobi na Afirka ta Yamma. Shanu suka jawo dillalai da mahauta da majema da dukawa, da masu tsire da kilishi, kuma da yawa daga cikin gidajenmu ta nan suka kafu. Shanun nan dai suka jawo manyan motoci, tun daga Bedford da Mercedes 911 har zuwa tirelolin da aka san garin da su. Mota in ta tsufa sai ta faɗa hannun 'yan gwangwan, daga nan sifirin ɗinta ya wuce rumfar ƙira. Ashe motar da ta kai sa kudu, ita ce daga baya ta zama wuƙar da za a feɗe ɗan'uwansa.

A nan ya kamata mu ɗan tsaya mu faɗi dalilin da ya sa ƙarfe ya fi ƙarfe. Masana sun ce asirin yana ga sinadarin gawayi da ke cikinsa, wanda suke kira kabon. Rodin gini, irin wanda masana'antun Katsina da Jos da Oshogbo suka riƙa murzawa tun shekarun 1980, kabon ɗinsa kaɗan ne, wajen kashi 0.2 cikin 100. Kome gwanintar maƙeri, irin wannan ba ya ɗaukar tauri sosai. Sifirin mota yana da wajen kashi 0.6, shi ya sa ya haɗa tauri da juriya. Ƙarfen dogo yana kusa da haka ko ya ɗara kaɗan. Magagari da boris kuwa sukan kai kashi 1 ko fiye, suna da kaifi mai daɗewa, amma ba su da haƙuri. Mai injin washi yana gane wannan ba tare da ya shiga aji ba: rodi in ya taɓa dutse tartsatsinsa dogaye ne marasa rassa, na magagari kuwa sai ya riƙa fashewa kamar ana watsa gero.

Amma ƙarfe mai kyau rabin aiki ne. Sai an gasa shi ya yi ja, wajen digiri 800, a tsoma shi a ruwa ko a mai nan take, sa'an nan ya yi tauri. A wannan hali kamar kwalba yake, ko faɗuwa ya yi yana iya karyewa. Don haka sai a sake ɗumama shi a hankali, wajen digiri 200, har ya yi launin busasshiyar ciyawa. In aka bari ya koma shuɗi, kaifin ya ragu. In aka ƙona shi tun farko har yana feshin wuta, to an kashe shi. Duk wannan maƙerinmu da ido yake aunawa, cikin inuwar rumfa, don a rana tsaka launin wuta yana ruɗin ido.

Na ƙarshen zuwa shi ne farin ƙarfe marar tsatsa. Harry Brearley ya gano shi a garin Sheffield na Ingila a 1913, ta hanyar haɗa ƙarfe da wani sinadari mai suna kuromiyam, wajen kashi 13 cikin 100. Akwai mai tsada wanda ke riƙe kaifi sosai, amma galibin wanda ya cika kasuwanninmu, musamman tun da kayan Sin suka yawaita, mai araha ne, an yi shi da laushi. Matanmu suna son sa don ba ya tsatsa, ba ya baƙanta albasa, kuma suna da gaskiyarsu.

ABIN DA MUKA GANI DA IDONMU

Ana gab da Sallar layyar da ta wuce, wasu daga cikinmu muka ce bari a raba gardama. Muka sami wuƙa 4: ta sifirin, ta magagari, ta rodi, duk daga hannun maƙeri ɗaya, da kuma farar ta kanti. Mutum ɗaya ya wasa su a dutse ɗaya, aka miƙa wa wani dattijon mahauci. Da fari duk huɗun sun aske gashi. Da aka shiga fiɗa, ta rodi ce ta fara dakushewa, ta kanti ta bi bayanta. Ta magagari ta yi ta ci kamar ba a taɓa ta ba, har masu goyon bayanta suka fara tafi. Da aka zo gaɓa ta haɗu da ƙashi, sai bakinta ya ɓantare. Ta sifirin ba ta kai ta kaifi ba, an sake goga ta a tsakiyar aiki, amma ita ce ta kai ƙarshe lafiya.

Wani matashi ya tambayi dattijon, “To Baba, wacce ta ci?” Ya ce, “Ɗana, ka tambaye ni aikin tukuna. In yankan kilishi ne ko askar wanzami, ba ni magagari. In fiɗa da daddatsa ne, sifirin. In uwarka ce za ta yanka kuɓewa, bar mata fararta. Rodi kuwa a mai da shi gini.” Aka yi dariya, kowa ya tashi yana cewa shi ya yi nasara.

INDA GIZO KE SAƘA

Ba don nishaɗi kaɗai muka kawo wannan tarihi ba. Malamanmu sun karantar da mu cewa addini ya umarci mai yanka ya wasa wuƙarsa, ya hutar da dabbar. Wanda ya sayi wuƙa don ƙyalli, ta dakushe masa a wuyan rago, ya wahalar da dabba, ya kuma jefa layyarsa cikin shakka. Sanin ƙarfe ashe yana taɓa ibada.

Na biyu, mun riga mun yi asara sau ɗaya. Yau in aka ce a nuna wanda zai fitar da ƙarfe daga tama, da wuya a samu a cikinmu, kuma ba wanda ya rubuta yadda kakanninmu suke yi. Ilmin gane launin wuta da tsoma ƙarfe shi ma hanyar da ya kama ke nan, don 'ya'yan maƙera da yawa sun koma walda ko tuƙi ko sayar da kayan waya. Ba mu ga laifinsu ba, tunda mu ne muke taya wuƙar maƙeri kamar muna taya tsumma, sa'an nan mu biya ta kanti ba ragi.

Saboda haka muna ba shugabannin ƙungiya shawara uku. A naɗa matasa masu ilmi su zauna da dattawan maƙera, namu da na 'yan'uwanmu Ngizim da Karekare da Bolewa, a ɗauki maganarsu a rubuta, da sunayen kayan aiki cikin kowane harshe. A nemi gidajen da ke da tsohuwar wuƙa ko takobi ko aska ta gado, a ɗauki hotonta, a rubuta labarinta, a bar wa masu ita kayansu. Sa'an nan kowane magidanci, in Sallah ta matso, ya taka ya je rumfar ƙira da ɗansa, ya faɗi aikin da yake so, ya biya abin da ya dace, yaron kuma ya tsaya ya ga yadda ake tsoma ta.

Wanda yake da ƙarin bayani ko gyara, musamman a kan maƙeran farko da suka zauna a unguwanninmu, ƙofa a buɗe take, sai ya aiko a buga a fitowa ta gaba. Allah Ya jiƙan magabatanmu, Ya sa albarka a sana'o'inmu, Ya zaunar da mu lafiya da masu masaukinmu. Amin. Wassalam.