Schmaltz: Yadda kitsen kaza ya zama sunan fim mai matso hawaye

Masu sharhin fina-finai da waƙoƙi a Amurka da Birtaniya suna da wata kalma da suke jifan duk aikin da ya cika neman sosa zuciya da ita: schmaltz, wadda ake furtawa kamar "shimalts". Tana nufin tausayi ko soyayya ko begen da aka zuba fiye da kima, domin a tilasta wa mai kallo zubar da hawaye.

Asalinta daga madafa ne. A harshen Yidish na Yahudawan Gabashin Turai, kalmar na nufin narkakken kitsen kaza, kuma 'yar'uwa ce ga kalmar Jamusanci schmelzen, wato narkewa. Addinin Yahudu ya haramta naman alade da kitsensa, ya kuma hana haɗa nama da kayan madara, don haka ba sa soya nama da man shanu. Kitsen kaza ne ya cike wannan gurbi.

Tsakanin 1880 da 1924, Yahudawa kimanin miliyan 2 suka yi ƙaura daga Gabashin Turai zuwa Amurka. Da yawansu sun zauna a birnin New York, inda wasu suka shiga harkar kiɗa da wasan kwaikwayo. Zuwa shekarun 1930, kalmar ta shiga Ingilishin Amurka da sabuwar ma'ana: kiɗan da aka cika wa zaƙi da kukan goge har ya yi maiƙo, kamar miyar da mai ya yi wa yawa.

A yau ana cewa abu schmaltzy ne idan mai shirya fim ya dogara da maraya mai kuka, ko ban-kwana cikin ruwan sama, a inda labarinsa ya gaza. Labarin baƙin cikin da aka gina da kyau ba ya cancanci wannan suna, ko da ya sa an yi kuka. Ana kuma faɗin kalmar kan tallace-tallace da jawaban 'yan siyasa masu neman kuɗi ko ƙuri'a ta hanyar karya zukata.

Mafi kusa da ita a Hausa ita ce "ƙara gishiri", sai dai akwai bambanci. Mai ƙara gishiri yana kambama abin da ya faru ne, mai zuba schmaltz kuwa yana kambama abin da yake so a ji a zuciya.