Utricularia graminifolia

Utricularia graminifolia ƙaramin tsiro ne mai cin ƙananan halittun ruwa, daga dangin Lentibulariaceae. Asalinsa nahiyar Asiya ce, musamman Indiya, Sri Lanka da Tailan. Masanin tsirrai Martin Vahl ne ya sa masa suna a shekarar 1804. Ba shi da saiwa, sai ƙananan jakunkuna da ke zuƙe halittun cikin ƙiftawar ido.

Masu kiwon kifin ado suna dasa shi a ƙasan akwatin kifi na gilashi, ya bazu kamar koriyar darduma. Sai dai yana da wuyar sha'ani. Yana son ruwa mai ɗan tsami marar yawan ma'adinai, da isasshen haske, da ƙarin iskar kabon. Sabuwar ƙasa mai yawan amoniya kan ruɓar da shi, kifaye masu tono kuma sukan tumɓuke shi ya taso saman ruwa.

A gari irin Katsina, zafi ne babban cikas. Tsiron ya fi yabanya a ruwa mai ɗan sanyi, wajen digiri 20 zuwa 25, alhali a watan Afrilu zafin rana kan kai digiri 40. Dole a sanyaya ruwan, kuma hakan na buƙatar wutar lantarki marar yankewa.