Baƙin Haure da Asibitocin Amurka: Tarihin Taƙaddamar da Ta Ƙi Ci Ta Ƙi Cinyewa

A daren 9 ga Satumban 2009, Shugaba Barack Obama ya tsaya gaban majalisun dokokin Amurka biyu yana kare shirinsa na yi wa tsarin kiwon lafiya garambawul. Da ya iso inda ya ce shirin ba zai shafi masu zama a ƙasar ba bisa ƙa'ida ba, sai ɗan Majalisar Wakilai daga jihar South Carolina, Joe Wilson, ya ɗaga murya daga kujerarsa ya ce masa ƙarya yake yi. Wilson ya nemi afuwa, majalisar kuma ta tsawatar masa. Abin da hayaniyar ta rufe shi ne, bakin mutanen biyu ɗaya ne a kan asalin magana: duk sun yarda kada baƙin haure su shiga cikin shirin, gardamarsu kawai ita ce ko an rufe ƙofar da kyau. Wanda ya bi tarihin nan zai ga cewa Amurka ta daɗe da yanke shawarar yi wa waɗannan mutane magani. Abin da ta kasa daidaitawa a kai shi ne lokacin da za a yi maganin, kuma lokacin da ta zaɓa shi ne mafi tsada, mafi cin rai.

Tushen lamarin yana cikin shekarar 1986. Tun 1965 Shugaba Lyndon Johnson ya kafa Medicare domin tsofaffi da Medicaid domin masu ƙaramin ƙarfi, amma miliyoyin mutane suka ci gaba da zama ba su da inshorar lafiya. A farkon shekarun 1980 ya zama ruwan dare asibitocin kuɗi su tura marar lafiyar da ba shi da inshora zuwa asibitin gwamnati, ko da jini yake zubarwa, ko mace ce mai naƙuda, wasu kuma su cika a hanya. Koke ya yi yawa har majalisa ta yi dokar da ake kira EMTALA, Shugaba Ronald Reagan na jam'iyyar Republican ya sa mata hannu. Dokar ta wajabta wa duk asibitin da ke karɓar kuɗin Medicare ya duba duk wanda ya zo sashen gaggawa, ya kuma yi masa magani har ya fita daga haɗari, ba tare da la'akari da aljihunsa ko takardun zamansa ba. A wannan shekarar ce kuma aka buɗe wani ɓangare na Medicaid mai biyan asibitoci kuɗin irin wannan jinya idan marar lafiyar talaka ne da takardunsa suka hana shi shiga tsarin. Kaso mai yawa na kuɗin yana tafiya ne wajen karɓar haihuwa, kuma gaba ɗayansa bai kai kashi ɗaya cikin ɗari na abin da Medicaid ke kashewa ba.

Dokokin da suka biyo baya sun toshe sauran hanyoyi, suka bar wannan ɗaya. A Nuwamban 1994 masu zaɓe a Kalifoniya, da goyon bayan Gwamna Pete Wilson, suka amince da ƙuduri mai lamba 187 da ƙuri'u kusan kashi 59 cikin ɗari, wanda ya hana baƙin haure makarantun gwamnati da duk wata jinyar da ba ta gaggawa ba. Kotun tarayya ta dakatar da shi, a 1999 kuma gwamnatin jihar ta janye ɗaukaka ƙara. A 1996 Shugaba Bill Clinton na jam'iyyar Democrat ya sa hannu a dokar da ta haramta wa baƙin haure tallafin gwamnatin tarayya, ta kuma sa mafi yawan baƙi masu takardun halal jiran shekara biyar kafin su samu Medicaid. Dokar shirin Obama, wato Obamacare, wadda aka sa wa hannu ranar 23 ga Maris 2010, ta wuce nan: ta hana baƙin haure sayen inshora a kasuwannin da ta kafa ko da kuɗin guminsu ne, ba tare da tallafin ko sisi ba. Jam'iyyun biyu duk da hannunsu a wannan gini, kuma babu wadda ta taɓa soke dokar 1986, domin babu ɗan siyasar da zai so a ce shi ya sa aka bar mutum ya mutu a ƙofar asibiti.

Mai ciwon ƙoda shi ne ya fi nuna abin da wannan tsari ke haifarwa. Wanda ƙodarsa ta daina aiki yana bukatar wankin ƙoda sau uku a mako. A jihohin da ba su ɗauki wankin a matsayin jinyar gaggawa ba, baƙon haure sai ya zauna a gida yana jira ruwa ya taru masa a huhu, ƙafafu su kumbura, numfashi ya fara gagara, gishirin jininsa ya hau har ya kusa tsayar da zuciya. Sannan ya nufi sashen gaggawa a ɗebi jininsa a auna. In an ga bai kai matakin haɗari ba, a sallame shi ya dawo idan ciwon ya tsananta. In ya kai, a kwantar da shi a yi wankin, mako mai zuwa a sake maimaitawa. Binciken da Dokta Lilia Cervantes ta birnin Denver da abokan aikinta suka wallafa a 2018 ya gano cewa haɗarin mutuwa cikin shekara biyar ga masu irin wannan wanki ya ninka na masu wankin ƙa'ida kusan sau 14. Kowace kwanciya a asibiti kuma ta fi wankin da aka tsara tsada nesa ba kusa ba. Da hujjar ta bayyana, jihar Colorado ta sauya ƙa'idarta a 2019 ta fara biyan kuɗin wankin ƙa'ida.

Masu adawa da ba baƙin haure inshora suna da hujjoji, kuma mafi ƙarfi ita ce ta kuɗi. Suna cewa ƙasar da miliyoyin 'ya'yanta ba su da inshora ba ta da dalilin ɗaukar nauyin baƙi fiye da miliyan 11 da suka shigo ta bayan gida. Abin da ya faru a Kalifoniya ya ƙara musu ƙarfi. Jihar ta fara da yara a 2016, ta ƙara matasa a 2020, 'yan shekara 50 zuwa sama a 2022, sannan kowa da kowa a Janairun 2024. Kuɗin ya zarce kiyasi da biliyoyin daloli, har a 2025 Gwamna Gavin Newsom da majalisar jihar suka dakatar da rajistar sababbin manya daga farkon 2026. Illinois da Minnesota su ma sun ja da baya. Wannan gaskiya ce da ba a rufe ta. Sai dai abin da ta nuna shi ne jiha ɗaya ba ta iya ɗaukar kayan ita kaɗai, tunda doka ta hana gwamnatin tarayya ba da kason da ta saba bayarwa a Medicaid. Kuma hana inshora ba ya hana ciwo. Kuɗin yana komawa kan asibitocin ƙananan hukumomi da masu biyan haraji. Baƙin hauren ma suna cikin masu biyan: wata cibiyar nazarin haraji, ITEP, ta kiyasta sun biya kusan dala biliyan 97 a 2022, ciki har da na Medicare da asusun fansho da doka ta hana su ci.

Hujja ta biyu ita ce jinya kyauta za ta jawo ƙarin masu shigowa. Tarihin ƙaura bai goyi bayan haka ba. Adadin baƙin haure ya kai kimanin miliyan 12 a 2007, ya yi ta raguwa bayan karyewar tattalin arziki da ta kashe ayyukan gine-gine. Jihar Texas, wadda ba ta ba su inshora, ita ce ta biyu a yawansu. Aiki ne ke kiran mutane, gona da mayanka da wurin gini. Hujja ta uku ta shari'a ce, cewa bai dace a saka wa mai karya doka da alheri ba. Amma hukunta mai karya dokar shige da fice aikin jami'an shige da fice ne da kotu, ba na likita ba. Tun 1982 Kotun Ƙolin Amurka ta hana Texas korar yaran baƙin haure daga makaranta saboda laifin iyayensu, kuma miliyoyin yaran da ke cikin waɗannan gidaje 'yan ƙasa ne da haihuwa. Dokar 1996 da kanta ta keɓe allurar rigakafi da maganin cututtuka masu yaɗuwa daga haramcin, domin waɗanda suka rubuta ta sun san tarin fuka da ƙyanda ba sa tambayar takardu.

A 'yan shekarun nan maganar ta ƙara zama makamin yaƙin neman zaɓe. A muhawarar 'yan takarar Democrat a Miami cikin Yunin 2019, duk mutum goman da ke kan dandali sun ɗaga hannu cewa shirinsu zai haɗa da baƙin haure, amma da jam'iyyar ta karɓi mulki ba ta soke haramcin ba. A ranar 4 ga Yulin 2025 Shugaba Donald Trump ya sa hannu a dokar da ta zaftare kuɗin Medicaid, kuma cikin waɗanda za su rasa inshora har da 'yan gudun hijirar da Amurka ta karɓa bisa doka. Da ayyukan gwamnatin tarayya suka tsaya cik na kwana 43 daga farkon Oktoban shekarar, an yi ta ambaton baƙin haure, alhali tallafin Obamacare da ake rigima a kai bai taɓa halatta gare su ba.

Kusan shekara arba'in ke nan ana gwada wannan tsari, sakamakonsa kuma a fili yake. Amurka na da damar tsare iyakarta da zaɓen wanda zai zauna cikinta. Amma muddin mutum yana cikin ƙasar, doka kuma ta tilasta a cece shi idan ya kusa mutuwa, hankali da lissafi duk sun nuna a fara tun da wuri: awon ciki ga mai juna biyu, duba lafiyar yaro, wankin ƙoda a kan lokaci, da barin mai hali ya sayi inshora da kuɗinsa. Rigakafi ya fi magani. Dokar da ke biyan kuɗin ceton rai a sa'ar ƙarshe, ta kuma hana maganin da zai sa ba a kai ga wannan sa'ar ba, asarar dukiya ce da asarar rayuka, kuma ya kamata majalisar Amurka ta gyara ta.